Ruwan Gabashin Sakkwato: Daga Ina Yake Zuwa, A Ina Yake Kwana?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Wurno da Goronyo a cikin watan Maris zai ga ƙasa iri biyu suna maƙwabtaka da juna. A kan tudu babu kome sai jan marmara, da fako, da busasshen karan gero, da 'yan itatuwan aduwa can da can. Amma da ya leƙa kwari sai ya ga kore shar, ga albasa, ga tafarnuwa, ga alkama da shinkafa, injunan ban ruwa kuma suna ta ƙugi. Wani lokaci tsakanin wannan bushewa da wannan danshi bai wuce tafiyar minti goma da ƙafa ba. Haka abin yake a ƙasar Rabah, idan mutum ya gangara daga tudu zuwa bakin gulbi.

Wata biyar ke nan ko shida rabon ƙasar da ɗigon ruwan sama. To, wannan ruwa da ake ta zuƙowa, daga ina ya fito? Tambaya ce da ba mu cika yi wa kanmu ba, domin mun tashi mun tarar da gulbi da rijiya a inda suke. Amma ya kamata mu san amsarta, saboda abincin dubban gidaje, da ruwan famfon birnin Sakkwato kansa, duk a kanta suka rataya.

Shimfiɗar ƙasar da ruwan samanta

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo suna gefen kudu maso gabas na wani ƙaton kwari da ya haɗa arewa maso yammacin Nijeriya, da yammacin Jamhuriyar Nijar, da gabashin Mali. Masana ilimin ƙasa suna kiran wannan kwari da sunan Iwillimiden, wato sunan wata babbar ƙabila ta Buzaye da ke zaune a cikinsa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga bakin teku kimanin mita 300 ne, ba ta da manyan duwatsu, sai 'yan tuddai masu kan marmara da gulabe suka yanka suka wuce.

Ruwan sama a nan yakan kama daga milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, watan Agusta kuma ya fi kowane wata. Ma'anar wannan lissafi ita ce, da za a tare duk ruwan shekara guda a inda ya sauka, da kaɗan zai wuce gwiwar babban mutum. Amma abin da rana da iskar hunturu za su iya shanyewa daga buɗaɗɗen tafki a shekara ɗaya ya fi tsayin mutum. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Ke nan sama tana karɓa fiye da abin da take bayarwa, har ninki biyu ko uku. Da ruwan da ke sauka a kanmu kaɗai muka dogara da shi, da ba a noma ko kan albasa ɗaya da rani.

Gulaben nan baƙi ne

Gulabe biyu ne suke riƙe da wannan yanki, kuma babu ɗaya a cikinsu da aka haifa a nan. Gulbin Rima, wanda ya ratsa Goronyo da Wurno, haɗuwar ruwaye uku ne. Akwai Gagare da ya biyo ta Ƙauran Namoda, akwai Bunsuru da ya kwaso ruwan yammacin Katsina da gabashin Zamfara. Su biyun sukan haɗu a wajajen Isa su nufi arewa. Na ukunsu Gulbin Maraɗi ne, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce ta gefen birnin Maraɗi, sa'an nan ya dawo Nijeriya ya tarar da 'yan'uwansa a ƙasar Sabon Birni. Daga nan Rima yakan karkato kudu maso yamma, ya nufo mu.

Na biyu shi ne Gulbin Sakkwato, wanda garin Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ke zaune a bakinsa. Shi kuma daga wajajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau da ƙasar Talatar Mafara, ya ratsa Gandi da Rabah, har ya gamu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga can suka zama gulbi ɗaya, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa kogin Kwara.

Abin lura a nan shi ne, wuraren da waɗannan gulabe suka taso ƙasa ce mai ƙaƙƙarfan dutse a ƙarƙashi, wadda ba ta shan ruwa sosai, ruwan samanta kuma ya fi namu yawa. Saboda haka in an yi ruwa a can sai ya kwararo gaba ɗaya. Hadarin da ya zuba a Funtuwa ko Ƙanƙara, wanda manomin Wurno bai ko ji tsawarsa ba, shi ne zai shayar da lambunsa a watan Fabrairu. Wannan baƙon ruwa kuwa wurare uku yake sauka idan ya iso: yashin fadama, da madatsun ruwa, da duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kowane ɗaya rumbu ne, amma yadda ake cika su da yadda suke ƙarewa ba ɗaya ba ne.

Yashin fadama

Wannan shi ne rumbun da kakanninmu suka sani. Kwarin Rima yana da faɗin kilomita da dama a wasu wurare, kuma ƙarƙashin baƙar lakar da ake nomawa akwai yashi da tsakuwa da gulbi ya yi ta jibgewa shekara da shekaru. Idan gulbi ya kawo a watan Agusta ya malale fadama, ruwa yakan zauna makonni, ya nitse a hankali ya cika wannan yashi. Bayan gulbi ya janye, ko da gadonsa ya bushe, ruwan yana nan kwance, gaba biyu ko uku kawai daga inda mutum yake tsaye. Shi ya sa mace za ta tona rami da ƙwarya a tsakiyar busasshen gulbi ta cika tulunta.

Ba banza ba Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya zauna har ya rasu a shekarar 1837, kabarinsa kuma yana nan. Garin yana kan tudu mai wuyar hawa ga abokan gaba, fadama tana ƙarƙashinsa da ruwa da ciyawar dawaki da ƙasar noma. Yawancin tsofaffin garuruwan kwarin haka suka zauna: gida a tudu, gona a fadama.

A da da jigo da guga ake ɗebo wannan ruwa, kuma ƙarfin hannun mutum shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Daga shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta jihar Sakkwato ta fara yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injunan fetur, sai shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, ya ƙara yawaita su. Mutumin da a da yake shayar da 'yan fangali kaɗan sai ga shi yana shayar da eka guda ko fiye. Tafarnuwa da albasar Wurno da Goronyo da ake lodawa zuwa kudu, rabin labarinsu wannan ɗan bututu ne. Amma bututu ba ya ƙirƙiro ruwa. Abin da ambaliyar Agusta ta ajiye shi yake zuƙowa, in ba ta ajiye ba sai inji ya yi ta shan iska.

Madatsun ruwa, da abin da suka sauya

Farin shekarun 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, shi ya ƙara wa gwamnati azamar tare ruwan damina domin rani. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai ɗaukar kubik mita miliyan 450. Aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992. Bangonta ya kai tsawon kilomita 12 da rabi, an gina ta ta riƙe kubik mita miliyan 942. Domin mai karatu ya gane, kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato cikin durom biyar. Daga wannan madatsa ake shayar da gonakin Falaliya, kuma daga ita ake sako ruwan da Sakkwato, Argungu da Birnin Kebbi suke tacewa su sha da rani. Wurno ma tana da nata tsohon aikin ban ruwa, wanda ya dogara da tafkin Lugu.

Amfanin madatsa a fili yake. Gulbin da a da yake yankewa da rani yanzu yana gudana. Sai dai kowane ruwa da aka tare a sama, an rage shi ne daga ambaliyar da ke cika yashin fadama a ƙasa. Mutanen kwarin Gulbin Sakkwato, har da na ƙasar Rabah, sun ga haka bayan an rufe Bakolori. Binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna ambaliya ta ragu, filayen da suke ba da shinkafa suka koma na gero da dawa, noman rani na gargajiya ya ja baya, masunta kuma suka rasa kifi, domin a cikin malalen fadama kifi yake hayayyafa. Manoman da ke kusa da madatsar su ma ba su tsira ba, gama rikicin diyyar gonaki ya kai ga kashe mutane da dama a watan Afrilu na 1980.

Goronyo kuwa ta nuna mana fuska biyu a cikin shekara takwas. A watan Satumba na 2010, bayan ruwa mai yawa, madatsar ta cika ta tumbatsa, ruwan da ya fito ya cinye ƙauyuka da gonaki daga Goronyo har Wurno, Kware da Silame, ya raba dubban mutane da gidajensu, ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai ga shi a farkon 2018 hukumar da ke kula da ita ta sanar cewa ruwan da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Dalilai biyu aka bayar: ƙarancin ruwan sama a daminar 2017, da kuma yashi da laka da suka taru a ciki.

Wannan dalili na biyu shi ya fi kamata ya hana mu barci. Damina takan yi kyau ta yi muni, amma yashi ba ya komawa inda ya fito. Duk inda aka sare daji a Zamfara ko Katsina, ko aka yi noma har bakin gaɓa, ruwa yakan kwashe ƙasar ya kawo, idan ya iso madatsa gudunsa ya mutu sai ya sauke kayansa. Madatsar da ta cika da yashi tana cuta ta hanya biyu. Da damina ba ta da wurin karɓar ruwa, dole a buɗe ƙofofi a kan mutanen kwari. Da rani kuma abin da ta riƙe ba ya kaiwa ƙarshen bazara. Ambaliyar 2010 da ƙafewar 2018 suna da dangantaka ta wannan wajen.

Ruwan da ke ƙarƙashin dutse

Wanda ke zaune a tudu, nesa da gulbi, ba ruwansa da fadama ko madatsa. Nasa ruwan yana can ƙasa, kuma a nan ne labarin ya fi ban mamaki. Ƙasar wannan yanki shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kamar tabarmi da aka jera wata kan wata, yashi, yumɓu, yashi, farar ƙasa, dukansu sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Masana sun raɗa wa shimfiɗun sunayen wuraren da suka fara ganinsu a fili, shi ya sa a littattafan ilimin ƙasa na duniya za a tarar da Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina da Gwandu. Ta Gundumi tana can ƙasa, ita ce babba a shekaru, ta Gwandu ce ƙarama.

Masanan sun ce a wani zamani mai nisa teku ne ya rufe wannan wuri. Shaidarsu ita ce ƙasusuwan kifaye da na dabbobin ruwa da ake tonowa a shimfiɗar Dukamaje. A 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku da aka samu ƙasusuwanta a nan suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Wannan tsohon teku yana da hannu a ɗanɗanon ruwanmu har yau. Inda rijiya ta ratsa lakar da ya bari, ruwan yakan yi zartsi. Yashin Taloka da na Wurno yana riƙe ruwa, amma laushinsa ya yi yawa, shi ya sa rijiya take tsatsowa a hankali, take kuma yawan zubewa in ba a ɗaure ta da siminti ba. A wasu rijiyoyin burtsatse ruwan yana da sinadarin ƙarfe, yakan fito garau ya koma ja a cikin bokiti, ya kuma ci bututun ƙarfe. Farar ƙasar Kalambaina, wadda kamfanin siminti na Sakkwato ke haƙa, ita kuma tana tsiyayo da idanun ruwa a wajajen Kware da Sakkwato.

Dajin Gundumi, wanda ke tsakanin ƙasar Rabah, Goronyo da Isa, ya yi suna a tarihi wajen ƙishirwa da tsoro. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, ya rubuta cewa sun yi tafiyar awa 26 ba tare da sun yada zango ba. Ashe shimfiɗar da aka ba sunan wannan daji tana cikin waɗanda suka fi ruwa. Wani bincike da ma'aikatan Nijeriya da na Amurka suka yi tare, aka buga shi a 1973, ya tabbatar da manyan ma'ajiyoyin ruwa uku a ƙarƙashin ƙasar Sakkwato, ɗaya a shimfiɗar Gundumi, ɗaya a rukunin Taloka da Wurno, ɗaya a ta Gwandu. Yumɓu ya danne su daga sama, saboda haka a wasu wurare masu gangare in aka huda sai ruwa ya taso da kansa ba tare da inji ba.

Amma wannan rumbu shi ya fi jinkirin cika. Ruwan yana shiga ne kawai ta inda bakin shimfiɗar ya fito fili, ya riƙa tafiya cikin yashi kaɗan kaɗan. Gwajin da aka yi ya nuna wani ruwan da ke can ƙasa ya shekara dubbai a kwance. Kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Wata hukuma mai lura da Sahara da Sahel, wadda ke da mazauni a birnin Tunis, ta ƙiyasta cewa abin da Nijeriya, Nijar da Mali suke ɗiba daga wannan kwari ya tashi daga kubik mita miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, alhali abin da ke komawa ciki a shekara kimanin miliyan 150 ne. Wato tun a lokacin an fara cin jari.

Abin da ya rage gare mu

Wani sashe na aikin na hukuma ne. Yashe madatsar Goronyo, da kula da tafkin Lugu da magudanansa waɗanda ambaliya ta sha lalatawa, ya fi ƙarfin ƙauye. Haka nan tsara sakin ruwa yadda fadama za ta samu rabonta na ambaliya a lokacin da ya dace, da kuma sanar da jama'a ta rediyo da bakin hakimai kwanaki kafin a buɗe ƙofofi. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 a kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi, kuma abin da aka tare a Jibiya yana shafar Maraɗi kamar yadda yake shafar Goronyo. Tafkin Kalmalo na ƙasar Illela, wanda ya ja baya ƙwarai bayan an yi ta tare ruwan da ke shigarsa daga ƙetaren iyaka, gargaɗi ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai kuma tsaro, domin tun harin da aka kai Tabanni a ƙasar Gandi a 2018 mutane da yawa sun bar ƙauyukansu sun taru a manyan garuruwa, rijiyar da aka haƙa domin unguwa ɗaya ta koma shayar da unguwa uku.

Ɗaya sashen kuwa namu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 manoma da dama sun koma injin hasken rana. Abu ne mai kyau, sai dai tsadar fetur ita ce take sa mutum ya kashe inji da fangali ya cika. Yanzu da rana take ba da wuta kyauta, sai mutum ya zama shi ne mai tsawata wa kansa. Ya kamata manoman kowace fadama su zaɓi rijiya ɗaya, su riƙa auna zurfin ruwanta da igiya mai ƙulli a farkon kowane wata, a rubuta a littafi. Bayan shekara uku littafin zai faɗa musu ko ruwansu yana ja da baya, tun kafin bututu ya faɗa. A bar 'yar tazara tsakanin gona da gaɓar gulbi, a bar ciyawa da itace su riƙe ta. Famfon unguwa kuma a yi masa asusu tun yana aiki, gama famfuna da yawa da muke gani a mace ɗan ƙaramin ƙarfe ne ya kashe su.

Ruwan fadama yana kusa, saboda haka ƙazanta ma tana isa gare shi da wuri. Kada a haƙa masai kusa da rijiya, a ba su tazarar mita 30 aƙalla, rijiyar kuma ta kasance a sama da shi. A yi wa bakinta daɓe da murfi, a rataye guga maimakon a yar da shi a ƙasa. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, domin lokacin ne amai da gudawa ke shigowa. Yaron da ke wanka a magudanar ban ruwa, in aka ga jini a fitsarinsa, tsargiya ce, tana da magani a asibiti, kada a ɗauke ta alamar girma. Wanda ke shakkar ko irin waɗannan ƙananan matakai suna aiki ya tuna da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu ɗauke da ita fiye da 650,000 a Nijeriya, amma da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi masu tsabta aka kai 2013, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da ita.

Jama'a, ruwan da ke cikin tulunmu ya yi doguwar tafiya kafin ya iso, ya ratsa gonakin mutanen da ba mu taɓa gani ba, kuma in ya bar mu akwai masu jiransa a Argungu. Yadda na sama da mu suka riƙe shi haka za mu same shi, yadda muka riƙe shi haka na ƙasa da mu za su samu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin tattalin abin da ta bari.